Idon Mai Hoto da Muradin Mai Biya: Tarken Hotunan Seydou Keita na Bamako

1.0 Gabatarwa

Tun lokacin da ɗaukar hoto ta zama sana'ar da ake ci da ita ake ta muhawara a kan wata tambaya wadda har yanzu ba a rufe bakinta ba, watau wane ne ke da ikon faɗa a ji a kan hoto, wanda ya ɗauka ko kuwa wanda ya biya kuɗi aka ɗauke shi? Masu sharhi da yawa sun saba kallon wannan al'amari tamkar ja-in-ja, inda duk takun da mai biya ya ci gaba, to, fasaha ce ta ja da baya. Bisa ga wannan ra'ayi, hoton da aka yi don ciniki ƙaramin hoto ne, kuma mai hoto ba ya zama gwani sai ranar da ya daina sauraron masu zuwa shagonsa.

A cikin wannan maƙala za mu jarraba wannan ra'ayi a kan aikin mutum guda, shi ne Seydou Keita, mai hoton birnin Bamako na ƙasar Mali. Mun zaɓe shi ne saboda dalilai biyu. Na farko, kusan duk hotunan da suka ɗaukaka sunansa na ciniki ne, mutane ne suka zo da ƙafarsu suka biya aka ɗauke su. Na biyu, hotunan nasa sun bi ta hannun masu biya iri biyu a zamani biyu, watau mutanen Bamako tsakanin 1948 da 1963, sa'an nan dillalan kayan fasaha na Faransa da Amurka daga 1992. Wannan ya ba mu damar kwatanta yadda kowannensu ya taɓa aikin.

Domin sauƙin bayani za mu yi amfani da kalmomi biyu. Idan muka ce "ido", muna nufin zaɓin mai hoto game da haske da tsayuwa da tsarin abin da ke cikin hoto. Idan kuwa muka ce "muradi", muna nufin abin da mai biya yake so a gani game da shi. Matsayinmu shi ne, a wurin Keita waɗannan abubuwa biyu kowanne yana da hurumin da aka san nasa ne, kuma ƙarfin hotunan ya fito ne daga mutunta wannan iyaka. Za mu kuma nuna cewa masu tarken da suka jingina wa Keita kome da kome sun tauye haƙƙin mutanen da suka yi rabin aikin.

2.0 Mai Hoto da Zamaninsa

An haifi Seydou Keita a Bamako wajen shekarar 1921, lokacin da ake kiran ƙasar Sudan ta Faransa. Mahaifinsa kafinta ne, shi ma da wannan sana'a ya fara. A 1935 wani kawunsa ya dawo daga Sanigal da kyamara ƙirar Kodak Brownie ya ba shi, daga nan ya shiga koyo. Ya ƙaru da Pierre Garnier, wani Bafaranshe mai shagon kayan hoto, da kuma Mountaga Dembele, malamin makaranta kuma mai hoto, wanda ya koya masa wankin hoto. A 1948 ya buɗe nasa shagon a gidansu da ke unguwar Bamako-Kura, kusa da babban gidan yari, kuma ba nisa da tashar jirgin ƙasa.

Wannan matsuguni yana da muhimmanci ga nazarinmu. Layin dogo da ya haɗa Dakar da kogin Neja ta Bamako ya ratsa, saboda haka fatake da ma'aikata da matafiya kullum suna cikin garin. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu Bamako ta cika da sababbin mazauna, akawuna da malaman makaranta da tsofaffin sojoji da teloli da matan 'yan kasuwa. An soke aikin tilas a yankunan Faransa a 1946, siyasar jam'iyyu ta kankama, kuma ƙasar ta sami 'yancin kanta a 1960 ƙarƙashin Modibo Keita. Mutanen da suka riƙa yin layi a ƙofar shagon masu neman sabon matsayi ne a cikin sabon gari, suna kuma bukatar shaidar da za su aika ƙauye ko su rataya a ɗaki.

Ya kamata mu tuna da irin hoton Afirka da ya riga wannan yawa. Edmond Fortier, wani Bafaranshe mazaunin Dakar, ya buga dubban katunan gaisuwa masu hotunan mutanen Afirka ta Yamma a farkon ƙarni na 20. A cikin waɗannan katuna wanda aka ɗauka ba shi ne mai biya ba, Bature mai sayen kati shi ne mai biya, don haka aka riƙa rubuta sunan ƙabila a ƙarƙashin hoto maimakon sunan mutum, aka kuma riƙa tsayar da 'yan mata a yanayin da ba za su zaɓa wa kansu ba. A nan idon mai hoto ya sami 'yanci cikakke daga wanda aka ɗauka, amma sakamakon bai zama abin alfahari ba. Duk mai cewa kuɗin mai zama gaban kyamara shi ke ɓata hoto, sai ya fara bayyana mana abin da ya faru a lokacin da mai zaman ba shi da ta cewa.

A 1962 gwamnatin Mali ta ɗauki Keita aikin hoto a hukumar tsaro, ya rufe shagonsa a 1963, ya yi ritaya a 1977. Ya adana dodannin hotunansa, dubbai, a cikin akwatuna. Ya rasu a birnin Faris a watan Nuwamba na 2001.

3.0 Rabon Aiki a Farfajiyar Keita

3.1 Hurumin mai biya

Mai zuwa wurin Keita yakan zo da shawararsa a kan abubuwa uku. Abu na farko shi ne tufafi. Mata sukan zo da atamfa ko shadda mafi tsada da suke da ita, da ɗaurin kallabi na yayi, da 'yan kunne da awarwaro da tsakiya, wani lokaci ƙawaye biyu ko kishiyoyi su zo da ɗinki iri ɗaya. Abu na biyu shi ne kayan da za a ɗauke shi da su. Keita ya tanadi kwat irin ta Turawa da laktaye da hula da takalma, da agogo da alƙalami da tabarau da rediyo da wayar tarho da furen roba, da keke da babur ƙirar Vespa, har da motarsa ƙirar Peugeot 203, duk don mai so ya ara. Abu na uku shi ne irin zama ko tsayuwa, domin akwai samfuran hotuna manne a bango, mutum ya duba ya nuna wanda ya yi masa.

Waɗannan zaɓuɓɓuka ba ƙananan abubuwa ba ne, su ne jigon hoton. Saurayin da ya zaɓi alƙalami da tabarau yana faɗin cewa shi ɗan boko ne ko yana fatan zama. Matar da ta ɗora hannu a kan rediyo tana sanar da cewa gidanta yana jin duniya. Dattijon da ya ƙi kwat ya zauna cikin babbar riga shi ma magana ya yi. Idan muka cire waɗannan daga hotunan, abin da zai saura haske ne da inuwa kawai. Ashe ke nan mai biya shi ne mawallafin saƙo.

3.2 Hurumin mai hoto

Keita kuma ya riƙe nasa ɓangaren, bai sakar wa kowa ba. Yawancin aikinsa a farfajiyar gida ya yi shi da hasken rana, shi ke zaɓen inda za a zauna da lokacin da hasken ya dace da baƙar fata, yadda goshi da kumatu za su fito ba tare da fuska ta dushe ba. Shi ke zaɓen labulen baya. Da farko mayafin gadonsa mai geza ya rataya, daga baya ya riƙa sauya yadi bayan 'yan shekaru, har masana suka riƙa amfani da labulen wajen ƙiyasta shekarar hoto. Shi ke juya kafaɗa da haɓa, ya fi son a ɗan karkata maimakon a fuskanci kyamara gaba da gaba kamar hoton fasfo. Shi ke shimfiɗa hannuwan mace a kan cinya ko gwiwa don zobe da lalle da dogayen yatsu su fito, shi ke baza bakin zane don a ga yalwar yadin.

Akwai kuma wani sharaɗi da ciniki ya ɗora masa, wanda ya zame masa horo. Kayan hoto suna da tsada, masu zuwa kuma ba attajirai ba ne duka, don haka galibi sau ɗaya yake danna kyamara ga kowane mutum. Dodon hoton mai faɗin santimita 13 da tsawon 18 ne, yakan ɗora shi kai tsaye a kan takarda ya wanke, hoton ya fito daidai girman dodonsa. Wanda ba shi da damar ɗauka ta biyu dole ya gama tunaninsa kafin ya danna. Natsuwar da ake yabawa a hotunan Keita, inda babu gefen zane ko yatsa da ya faɗi inda ba a nufa ba, 'yar wannan ƙunci ce. Talaucin mai biya ya shiga cikin salon mai hoto.

3.3 Inda hurumin biyu suka haɗu

Bari mu duba hotuna uku da suka shahara. Na farko shi ne na wata mata da ta kishingiɗa a kan gado, ta tallafe kai da hannu, sanye da riga mai furanni, ƙarƙashinta bargo mai gidan dara baƙi da fari, bayanta labule mai zanen lanƙwashe-lanƙwashe. Zane uku ne masu ƙarfi a wuri guda, waɗanda a hannun wani da sun haɗiye matar. Keita ya bar su suka cika ko'ina, sai fuska da hannuwa suka zama su kaɗai ne wurin da ido zai huta, saboda haka can ido yake komawa. Rigar tata ce, kishingiɗar alama ce ta macen da ke da hutu a gidanta, abin da take so a sani ke nan. Yadda aka hana yadin cinye ta kuwa aikin Keita ne. Ta sami abin da ta biya, shi ma ya sami abin da yake nema, kuma babu wanda ya rage wa wani.

Na biyu shi ne na wani saurayi cikin farar kwat, da tabarau, da alƙalami a aljihun ƙirji, yana riƙe da fure kusa da fuskarsa. Kusan duk abin da ke jikinsa yana iya zama na aro, har furen na roba ne. Duk da haka hoton bai zama abin dariya ba, domin Keita ya matso kusa, ya sa kallon saurayin ya rinjayi kayan. Mai hoton da ke raina abokin cinikinsa zai iya ja da baya kaɗan ya bar mu mu ga cewa kwat ɗin ba tasa ba ce. Keita bai yi haka ba.

Na uku shi ne na wasu mata biyu a jikin motar Peugeot, inda aka hango siffar Keita da kyamararsa a jikin ƙarfen motar mai sheƙi. Matan sun zo ne don a gan su da mota, sun kuwa samu. Mai hoto ya shiga cikin hoton a gefe, ƙarami, ba tare da ya ƙwace musu wuri ba. A ganinmu babu hoton da ya fi wannan bayyana matsayin da ya ba kansa a cikin aikinsa.

3.4 Wata suka da amsarta

Ana iya cewa wannan duk fadanci ne, mai hoto ya ara wa talaka agogo ya taya shi yin ƙarya, ya kuma rufe wahalar zamanin mulkin mallaka da labule mai furanni. Sukar tana da ƙamshin gaskiya, domin lalle wanda ya nemi sanin yunwa ko ƙuncin Bamako a cikin waɗannan hotuna ba zai samu ba. Amma fa a lura da abu biyu. Na ɗaya, aron kaya a shagon hoto ba ɓoyayyen abu ba ne, duk garin ya san rediyon Keita, ya bayyana a hotuna da yawa, yadda kowa ya san amarya takan yi ado da kayan aro ranar biki ba a kuma kira ta maƙaryaciya. Na biyu, buri shi ma gaskiya ne. Hoton ya gaya mana abin da mutanen Bamako suke ganin ya cancanci a mallaka a shekarun 1950, kuma wannan labari ne da ba a samun sa a takardun gwamna. Iyakar abin da za mu yarda da shi daga wannan suka shi ne cewa hoton shago shaida ce a kan muradi, kada a ɗauke shi shaida a kan abin da ke cikin aljihu.

4.0 Inda Aka Ƙetare Iyaka

Domin a ga bambanci, bari mu kawo misalai biyu daga wajen Afirka inda idon mai hoto ya shiga hurumin wanda aka ɗauka. A ranar 30 ga Disamba, 1941, Yousuf Karsh ya ɗauki hoton Winston Churchill a majalisar dokokin Kanada da ke Ottawa. Churchill ya ƙi ajiye sigarsa, sai Karsh ya matso ya zare ta daga bakinsa, ya danna kyamara a daidai lokacin da ya ɗaure fuska. Wannan ɗaurewar fuska ita duniya ta karanta a matsayin jarumtar Ingila a gaban Jamus, har hoton ya hau takardar fam 5 ta Ingila a 2016. Haka kuma a 1963 mujallar Newsweek ta aika Arnold Newman birnin Essen ya ɗauki Alfried Krupp, mai masana'antun ƙarfe wanda kotun Nuremberg ta ɗaure a 1948 saboda amfani da aikin bauta a lokacin yaƙi. Newman, wanda Bayahude ne, ya sa shi ya sunkuyo ya ɗora haɓa a kan yatsunsa, ya haska shi ta gefe biyu yadda tsakiyar fuskar ta yi duhu, ya fito kamar shaiɗan a cikin masana'antarsa.

Masu ra'ayin da muka ambata a gabatarwa suna son waɗannan misalai, domin a ganinsu nan ne fasaha ta yi nasara a kan mai zama. Sai dai akwai abin da suke tsallakewa. Krupp ba shi ne ya biya Newman ba, mujalla ce ta biya, kuma mujalla tana son hoton da zai tsayar da mai karatu. Churchill ma bai je shago da kuɗinsa neman hoton ratayawa a ɗaki ba. Ashe a duka biyun mai hoto bai kuɓuta daga mai biya ba, mai biyan ne ya zama wani dabam da wanda ke gaban kyamara. Mutanen biyu kuma masu iko ne, waɗanda jama'a ke da haƙƙin ganin su ta fuskar da ba su zaɓa ba. Wanda ya ɗauko dabarar Newman ya yi amfani da ita a kan matar da ta tara kuɗinta ta zo a ɗauke ta don ta aika wa iyayenta, cin amana ya yi, kome kyan hasken da ya tsara. Saboda haka tambayar farko da ya kamata mai tarke ya yi a gaban kowane hoton mutum ita ce, wa ya biya, kuma me aka yi masa alkawari?

5.0 Mai Biya na Biyu

A 1991 aka yi wani nunin kayan fasahar Afirka a birnin New York, wanda Susan Vogel ta shirya. A cikinsa aka rataya wasu hotunan Keita, aka rubuta cewa ba a san mai ɗaukarsu ba. Jean Pigozzi, wani attajiri mai tara kayan fasaha, ya gan su, ya tura André Magnin Bamako neman mai su. Malick Sidibe, wani gwanin hoto na garin, shi ya gane aikin ya nuna hanyar gidan Keita. Daga 1992 aka fara kai dodannin hotunan Faris, adadinsu ya haura 900. A 1994 aka yi nuninsu a gidauniyar Cartier, a shekarar ce kuma aka fara bikin hotunan Afirka na Bamako. A 1997 suka shiga gidan Gagosian a New York, kuma a 2016 aka yi musu babban nuni a Grand Palais na Faris.

Abin da ya shafe mu shi ne abin da ya sami hotunan a wannan tafiya. An faɗaɗa su daga abin da ake riƙewa a tafin hannu zuwa santimita 50 da 60, wasu har 120 da 180, watau kusan tsayin mutum. An wanke su yadda baƙi ya ƙara baƙi fari ya ƙara fari, sai zanen yadi ya yi tsalle ya fito fiye da yadda yake a ƙananan hotunan asali masu laushin launi. An tsamo ɗaruruwa daga cikin dubbai, kuma zaɓin ya karkata ga masu yawan zane da ado. An sa musu farashin dubban daloli. Keita da kansa ya nuna farin ciki da ya ga aikinsa da wannan girma, kuma ba mu musun cewa manyan hotunan suna da kyau ƙwarai. Amma girma da tsananin launi da zaɓi duk muradin sabon mai biya ne, wanda ke da faffaɗan bango da yake so ya cika.

A nan ne muke ganin rashin adalcin masu tarke. Lokacin da matar Bamako ta ce a ɗauke ta da rediyo, an kira wannan ciniki. Lokacin da kasuwar Faris da New York ta ce a ninka hoton sau goma a ƙara masa duhu, an kira wannan gano fasaha. Alhali kuwa mai biya na biyu ya shiga hurumin ido, watau girma da haske, inda mai biya na farko bai taɓa sa hannu ba. Daɗin daɗawa, yawancin hotunan an rataya su ba suna, sai shekara. Mutanen da suka zaɓi tufafi da kaya da zama, suka kuma biya kuɗin takarda, sun koma "mace" da "saurayi", kusan yadda suke a katunan Fortier. Sun biya don ɗakinsu da danginsu, ba su san za a sayar da fuskarsu a wata nahiya ba. Hausawa na cewa kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Wannan batu ba mu muka fara tayar da shi ba. A 1999 Elizabeth Bigham ta yi nazari a mujallar African Arts a kan ko wane ne mawallafin waɗannan hotuna, inda ta jawo hankali ga rawar da masu zama suka taka. A 2006 Michael Rips ya ba da labari a jaridar New York Times game da rigimar da ta tashi gab da rasuwar Keita a kan mallakar dodannin hotunan da ikon wanke su, rigimar da ta kai gaban shari'a. Abin lura shi ne, a cikin masu jayayyar akwai dillalai da magada da masu tara kaya, amma babu wakilin waɗanda fuskokinsu ke cikin hotunan.

6.0 Abin da Manazarcin Hausa Ya Riga Ya Sani

Mai nazarin adabin Hausa bai kamata wannan al'amari ya zame masa baƙo ba, domin mafi yawan fasaharmu ta gargajiya a ƙarƙashin ubangida ta girma. Ibrahim Narambaɗa makaɗin fada ne, Sarkin Gobir na Isa Amadu yake yi wa waƙa, kuma ba mu taɓa jin wani manazarci ya ce Bakandamiya ƙaramar waƙa ce don an yi ta domin sarki ba. Kowa ya san rabon aikin: asali da nasaba da matsayin da za a yaba na ubangida ne, makaɗi ba ya ƙirƙiro masa wasu kakanni, amma zaɓen kalma da karin murya da inda za a saka habaici na makaɗi ne, sarki ba ya koya masa. Haka abin yake ga maɗinkin babbar riga. Mai riga shi ke cewa aska biyu yake so ko aska takwas, amma idan an gama, masana ɗinki sukan gane hannun wanda ya yi.

A ƙasar Mali ma akwai irin wannan al'ada ta maroƙan gado masu yabon gidajen iyayen gijinsu, kuma a cikinta Keita da abokan cinikinsa suka tashi. Ba muna cewa ya kwaikwayi maroƙa da gangan ba ne. Abin da muke cewa shi ne, a cikin al'ummar da ta san cewa fito da darajar mutum a bainar jama'a sana'a ce mai ƙa'idoji, ba a ganin saɓani tsakanin gamsar da mai biya da nuna gwaninta. Ra'ayin da ke cewa gwani sai ya bijire wa mai ba shi aiki yana da nasa tarihin a Turai, kuma ba dole ba ne mu aro shi mu auna kowane aiki da shi.

7.0 Kammalawa

Mun yi ƙoƙarin nuna cewa daidaita idon mai hoto da muradin mai biya ba ya nufin kowa ya rage rabin abin da yake so har a haɗu a tsakiya, domin irin wannan sulhu hoto maras gishiri yake haifarwa. A aikin Keita daidaiton rabon hurumi ne. Mai biya ke da ikon faɗin ko shi wane ne da abin da yake so a gani, mai hoto kuma ke da ikon zaɓen hanyar da za a gan shi. Mun ga cewa idan wanda ke gaban kyamara ba shi da murya, kamar a katunan Fortier, mutuncinsa ke tafiya. Mun ga cewa misalan Karsh da Newman ba su rushe wannan ƙa'ida ba, domin a can mai biya dabam ne da mai zama. Mun kuma ga cewa mai biya na biyu ya canza hotunan Keita fiye da na farko, ba tare da an tuhume shi ba.

Daga wannan muna ba da shawarwari uku ga masu tarke. Na farko, a riƙa bayyana wace takarda ake magana a kanta, ƙaramar da aka wanke a Bamako ko babbar da aka wanke a Faris, domin ba abu ɗaya ba ne. Na biyu, a riƙa lissafa mai zama cikin waɗanda suka yi aikin, a kuma nemi sunansa inda zai yiwu, tun da sauran 'ya'ya da jikokin da za su iya gane iyayensu. Na uku ya shafe mu kai tsaye. Garuruwanmu ma sun yi masu hoto na shago, kuma hotunansu suna nan cikin akwatuna da bangon ɗakunan tsofaffi. Idan ranar tattara su ta zo, ya kamata a rubuta sunan mai ɗauka da sunan wanda aka ɗauka tare, a kuma nemi izinin iyalansu kafin a kai su bangon da ba don shi aka yi su ba.